Lugga da Nahawu: Wa Ya Raba Hanta da Jini?

Wani abokina mutumin ƙasar Faskari, wanda muka yi zaman ɗaki ɗaya da shi a wannan jami'a, ya sami gurbin ƙaro ilmi a ƙasar Japan. Da isarsa aka sa shi ajin koyon Japananci, domin ko da a ce da Ingilishi za a riƙa yi masa lacca, ai ba da Ingilishi zai sayi shinkafa a kanti ba. Shi kuwa mutum ne mai son tsari, sai ya sayi littattafan rubutu biyu kamar yadda aka saba mana tun muna firamare, ya rubuta wa ɗaya "Kalmomi" a bango, ɗayan kuma "Ƙa'idoji". Bayan 'yan watanni sai ga saƙonsa yana yi wa kansa dariya. Ya ce littattafan nan sun hana shi sakat, don kusan duk abin da malamarsu ta koyar, in ya ɗauki alƙalami sai ya rasa a wanne zai rubuta shi. Daga ƙarshe ya sami zare da allura ya ɗinke su wuri guda.

Da na karanta na yi dariya, sa'an nan jikina ya yi sanyi, domin na tuna da yaran da na taɓa yi wa darasin hutu a Ƙanƙara. Su ma littattafai biyu gare su, sai dai ba su da wanda zai ce musu su ɗinke. Abin da nake so in faɗa a wannan shafi ke nan, ya 'yan'uwana ɗalibai da ƙananan ma'aikata: raba koyon kalmomi da koyon nahawu, kamar yadda ake yi a yawancin azuzuwanmu, kuskure ne mai cin lokacin yaro, alhali kuwa yaran Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba su da sauran lokacin da za a ɓata musu.

Bari mu fara da abin da ya rikita abokin nawa, don sau da yawa mutum ya fi ganin laifin gininsa in ya dubi na wani. A Japananci akwai aikatau biyu na buɗe ƙofa. In mutum ne ya buɗe ta, sai a ce akeru, a kuma sa ɗan harafin nan o bayan ƙofar. In kuwa ƙofar ce ta buɗu, sai a ce aku, harafin kuma ya koma ga. Irin waɗannan tagwayen suna da yawa ƙwarai a harshen. To, wanda ya haddace cewa akeru da aku duk "buɗewa" ne, bai san kome ba tukuna, sai ranar da ya san harafin da kowannensu ke tafiya da shi. Haka nan aikatau na hawa mota, noru, da na gamuwa da mutum, au, ba su karɓar harafin da mai koyo ke tsammani, kuma babu wata ƙa'ida guda da za ta cece shi, dole ya riƙe kowane aikatau tare da ɗan rakiyarsa. Ko kyauta ma ba kalma ɗaya ba ce a wurinsu: in ni na ba wani, ageru ne, in wani ya ba ni, kureru ne. Ƙirga abubuwa kuma ya danganta da siffarsu, dogayen abubuwa da nasu ɗan ƙari, masu faɗi kamar takarda da nasu, ƙananan dabbobi da nasu, manya irin su shanu da dawaki da nasu. Shin wannan lugga ce ko nahawu?

Rubutunsu da kansa yana ba da amsa. Suna da haruffan da suka aro daga Sin, waɗanda ake kira kanji, guda 2,136 ne a jerin da gwamnatinsu ta tsayar a 2010 don amfanin yau da kullum, yaro kuma yana koyon 1,026 daga ciki a shekaru shida na firamare. Sa'an nan suna da nasu haruffan na gaɓa. In za a rubuta taberu, watau ci, kan kalmar da kanji ake rubuta shi don shi ke ɗauke da ma'ana, wutsiyar kuwa da haruffan gaɓa don ita ke ɗauke da nahawu. Wutsiyar ce ke juyawa: tabeta, an ci, tabenai, ba a ci, tabetai, ina son in ci, tabesaseru, a ciyar. Lugga da nahawu ke nan a cikin kalma guda, ba ka iya ɗauke ɗaya ka bar ɗaya ba tare da kalmar ta mutu a hannunka ba. Masu shirya babbar jarrabawar ƙwarewa a Japananci, wadda aka fara a 1984, sun gane haka. Da suka sake mata fasali a 2010 suka mai da ita matakai biyar, sai suka daina buga jerin kalmomi da ƙa'idojin da ɗalibai suka saba haddacewa, kuma sanin kalmomi da sanin nahawu a ma'auni ɗaya ake auna makinsu.

Kada mai karatu ya zaci wannan wata baƙuwar ɗabi'a ce ta mutanen gabas mai nisa. Harshen da muka sha a nono haka yake. Ka saurari ɗan shekara bakwai a ranar kasuwar Sheme. Zai ce maka babansa ya sayi masara, ko ya sayo masara, ko ya saye masarar duka, ko ya sayar da masara, ko masara ta sayu yau, ko ya saya wa Inna masara. Saiwa ɗaya ce, wasalin ƙarshe da karin sauti ne kawai ke juyawa, amma ma'ana ta tashi daga saye ta koma sayarwa, daga can ta dawo nan, daga kaɗan ta koma duka. F. W. Parsons, malamin Hausa a Jami'ar Landan, shi ne ya tsara wannan a rubuce a 1960, inda ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, kuma har yau a kan tsarinsa ake koyar da mu a sashen Hausa. Amma yaron nan na Sheme bai taɓa jin sunan Parsons ba. Bai haddace "saya" ranar Litinin ya jira ƙa'idar "sayo" ranar Alhamis ba. Tare ya tsince su a bakin uwarsa, cikin zance mai ma'ana.

Haka abin yake a wajen jam'i da jinsi. Gida gidaje, kasuwa kasuwanni, jaki jakuna, sa kuwa shanu. Akwai ƙa'idoji, ba a musu, amma suna da yawa suna kuma da togaciya, har ya zama baƙon da ke koyon Hausa tilas ya riƙe kowane suna tare da jam'insa. An ce sunan da ya ƙare da wasalin "a" tamace ne, sai ga gida da ruwa da nama da suna sun tsaya sun ƙi. Wannan ne ya sa ƙamusun kirki, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ba ya barin kalma tsirara, sai ya faɗi jinsinta da jam'inta. Ashe mai ƙamus ma nahawu yake yi.

Ga kuma abin da ya fi muhimmanci ga mai koyarwa: abin da yake nahawu a wani harshe, lugga ne a wani. Mu muna cewa saya da sayar, koya da koyar, kai da kawo, watau saiwa ɗaya muke juyawa. Bature kuwa kalmomi biyu dabam yake da su ga kowane: buy da sell, learn da teach, take da bring. Mutumin Japan a wajen saye da sayarwa yana tare da Bature, kau da uru, amma a wajen kai da kawo sai ya haɗa kalmomi biyu, ya ce riƙe ka tafi ko riƙe ka zo. Balarabe a wajen koyo da koyarwa yana tare da mu, ta'allama da allama, daga saiwar da ta ba mu ilmi da malam. Iyakar da aka shata tsakanin lugga da nahawu ba a wuri ɗaya take ba a harsuna, tana matsawa kamar iyakar gona bayan ambaliya. Wanda ya gina jadawalin darussa a kan wannan iyaka, a kan yashi ya yi gini.

Nan ne na tuna da yaran darasin hutu. Wata rana wani daga cikinsu, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya ce wa maƙwabcinsa, "Borrow me your biro." Na buɗe littafinsa na kalmomi, sai ga shi an rubuta borrow, aro, lend, aro. Ba ƙarya aka rubuta masa ba, amma an yi masa rowar rabin gaskiya. A Hausa muna cewa na ari biro, muna kuma cewa na ara masa biro, aikatau ɗaya ne, ginin jimla ke nuna wanda ya bayar da wanda ya karɓa. Yaron ya ɗauki nahawun Hausa lafiyayye ya ɗora wa kalmar Ingilishi. Da an rubuta masa jimla biyu cikakku maimakon kalma biyu, an kuma ce masa abin da Hausa ke yi da "masa" shi Ingilishi ke yi da sabuwar kalma, da cikin minti biyar ya wuce wurin har abada. Maimakon haka an ja masa jan layi shekara da shekaru, shi kuwa yana ganin kansa dolo.

Abin takaici shi ne kakanninmu sun fi mu dabara a nan. Ƙasar Katsina ba baƙuwar koyon harshe ba ce. 'Yandoto, kusa da Tsafe, ƙetaren iyakarmu kaɗan, wadda a da can take cikin ƙasar Katsina, ta yi suna wajen ilmi tun kafin jihadi. A Birnin Katsina kuma Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya yi wa Ishiriniya sharhi don warware kalmominta. Har yau a zaurukan Ƙanƙara da Daudawa da Sabuwa, dubi yadda ake yi. Ɗalibi ya karanto gaɓar Larabci, malam ya fassara masa da Hausa, yana faɗin ma'anar kalma yana kuma nuna wane ne ya yi aikin, wa aka yi wa. A haka zai ratsa Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ya ji dubban jimloli, kafin a zaunar da shi gaban Ajuruma. Ran da ƙa'ida ta zo, suna kawai take raɗa wa abin da kunnensa ya riga ya sani. Gaskiya ne lugga da nahawu da sarfu fannoni ne dabam a zaure, kowanne da littattafansa, amma mutum ɗaya ne, Hariri na Basra wanda ya rasu a 1122, ya rubuta Muƙama da ake karantawa don lugga, ya kuma rubuta Mulha da ake karantawa don nahawu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya tsara Bahrul Muhiɗi a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu, shi ne kuma mawaƙin Larabci mai zurfin lugga. Kowane ɗalibin zaure ya san cewa ragiba in ta tafi da fi, so take nufi, in kuwa ta tafi da an, ƙi take nufi. Ɗan harafi guda ya kife ma'ana. Wa zai ce a haddace ragiba ita kaɗai?

Masana harshe na Turai ma da suka yi ta bincike, nan suka dawo. M. A. K. Halliday ya ƙi yarda a ɗauki lugga da nahawu abu biyu, ya ce bakin zare biyu ne na abu guda. Michael Lewis kuma a 1993 ya fitar da littafi yana kira ga malaman Ingilishi su koyar da curin kalmomi masu tafiya tare maimakon ɗaiɗaiku. Hatta takardar Ingilishi ta WAEC, wadda ke tsaye a ƙofar jami'a tana hana wanda bai ci ta ba shiga, lugga da ginin jimla a takarda ɗaya take tambayarsu, kuma da yawa cikin tambayoyin, ɗan harafin da ke bin wata kalma ake nema, irin to ɗin da ke bin listen da on ɗin da ke bin depend. Yaron da ya haddace kalmar ba tare da 'yar rakiyarta ba, canka kawai zai yi.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Malami zai ce yana da yara cike da aji, wasu a ƙasa, ga littafi ɗaya tsakanin mutum biyar, jerin kalmomi a allo shi ne abin da kowa zai iya kwafa. Wani zai ce ƙa'ida ɗaya tana hutar da kai haddar abu dubu, kuma gaskiya ne: wanda ya san yadda ake gina shuɗaɗɗen lokaci a Ingilishi ba sai ya haddace kowane aikatau ba, sai 'yan tawayen cikinsu. Wani kuma zai tuna mini cewa zauren da nake yabo ya fitar da mutanen da za su yi maka li'irabin baiti tun daga farko har ƙarshe amma su kasa tambayar hanya a Makka. Duk na yarda. Ba cewa nake a daina hadda ba, ba kuma cewa nake a jefar da littafin nahawu ba. Cewa nake a sauya abin da ake haddacewa: maimakon kalma, a haddace gajeriyar jimlar da kalmar ke zaune ciki, maimakon a fara da ƙa'ida a nemo mata misali, a tara misalai sa'an nan a ciro ƙa'idar. Allon da zai ɗauki kalma ashirin zai ɗauki jimla goma, allin kuma ɗaya ne. Ciwon zaure kuwa rashin yin magana da harshen ne, maganinsa a buɗe baki, ba a ƙara raba darussa ba.

Me ya sa nake ganin maganar ta fi gaggawa a yankinmu? Kowa ya san abin da ya faru a daren 11 ga Disamba 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati a Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida, aka kuma rufe makarantun kwana. A Satumba 2021 an yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ƙauyuka da dama sun tashi, makarantunsu sun zama kangaye, iyaye sun kwashi 'ya'ya sun yi cikin gari. Ko yau aka sami cikakken zaman lafiya, shekarun da yaro ya rasa ba su dawowa. Ɗan shekara goma sha huɗu da ke zaune a aji huɗu na firamare ba shi da halin ya koyi harshe sau biyu, watau kalmomi dabam, ƙa'idoji dabam, sa'an nan a bar shi shi kaɗai ya yi aikin haɗawa, wanda shi ne ma mafi wuya.

Daɗin daɗawa, manufar gwamnati game da harshen koyarwa ta yi ta juyi. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya ce a fara wa yaro da harshen uwa ko na yankinsa. A 2022 aka ce a yi haka har shekaru shida na firamare. A Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an soke wannan, an koma Ingilishi tun daga tushe. Ina da ra'ayina a kan wannan, amma ba yau ce ranarsa ba. Abin lura shi ne, in da Ingilishi za a koya wa yaron Sabuwa lissafi da kimiyya, to, yadda aka koya masa Ingilishin ya zama mabuɗin dukan sauran darussa. In mabuɗin ya karye a cikin kwaɗo, ba ɗaki ɗaya ne ya rufe ba.

To, mene ne namu a ciki? Da yawa cikinmu za mu koma gida hutu, wasu za su yi hidimar ƙasa a aji, wasu kuma sun riga sun kama aiki a ma'aikatar ilmi ko ofishin ilmi na ƙaramar hukuma. Ga mai shiga aji, shawarata ita ce ya yi wa kansa alkawari kada ya ƙara rubuta kalma ita kaɗai a allo. In suna ne, ya zo da jam'insa da aikatau ɗin da ya saba tafiya da shi. In aikatau ne, ya zo da harafinsa da abin da yake karɓa. Jimlolin kuma su fito daga duniyar yaron, daga gonar auduga ta Daudawa da ramukan farar ƙasa na Ƙanƙara da ranar kasuwa, don abin da yaro ya gani da ido ya fi zama a kai. Kada kuma ya ji kunyar amfani da Hausa a matsayin gada. Yaron da aka nuna wa cewa ya riga ya mallaki saya da sayo da sayar, zai gane cewa shi ba jahilin nahawu ba ne, gwani ne da ke neman ƙarin harshe.

Ga 'yan'uwanmu ma'aikata, musamman masu zagayen duba makarantu, roƙona shi ne in sun shiga aji kada su tsaya ƙirga kalmomi nawa aka kwafa a littafi. Su ɗauki kalma ɗaya daga ciki su ce wa yaro ya gina jimla da ita. Amsarsa za ta gaya musu abin da rajista ba za ta faɗa ba. In kuma an tambaye su abin da makaranta ke bukata, su sa ƙananan littattafan labari a gaba, domin a cikin labari ne kalma da ƙa'ida ke zaune gida ɗaya. Ƙungiyarmu ta ɗalibai kuma, wadda ba ta rasa kuɗin liyafar ƙarshen shekara, ba za ta gaza shirya darasin hutu na mako huɗu ga yaran da suka yi gudun hijira ba, tare da 'yar takarda mai shafi kaɗan da za ta nuna wa masu sa kai wannan hanya.

Masaƙin gargajiya ya san zaren tsaye dabam, abawa dabam, kowanne da yadda ake kaɗa shi. Amma bai taɓa kai wa mai saye ƙullin zare da ƙullin abawa ya ce masa ga zane ba. Mu kuwa shekara nawa muna miƙa wa yara ƙulli biyu, sa'an nan mu yi mamaki da suka fito tsirara ranar jarrabawa? Abokina na Japan ya sami zare da allura ya gyara nasa. Yaran da ke gida mu suke jira. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya buɗe makarantun da suka rufe, ya kuma ba mu ikon sauke abin da ke wuyanmu. Haza wasalam.